Wa Zai Kama Hannun Ƙananan Malaman Likitanci?

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili in yi magana a kan wasu mutane da ba a cika tunawa da su ba idan ana zancen lafiya a Nijar. Kullum muna kukan ƙarancin likitoci, kuma kukan gaskiya ne. Amma masu koyar da likitocin nan, musamman matasan da aka ɗauka aiki kwanan nan, wa yake koya musu? Ni likitar yara ce, na daɗe ina koyarwa a nan Yamai, kuma abin da idona ya gani zan faɗa.

Mai karatu ya fara sanin tsanin da suke hawa. Bayan mutum ya gama likitanci ya ƙara shekara huɗu ko biyar na ƙwarewa, ana ɗaukarsa a matsayin asistan, wato ƙaramin malamin jami'a. Daga nan sai metir-asistan, sai agireje, sai cikakken farfesa. Ba shugaban tsangaya ke ba da wannan girma ba, ba kuma minista ba. Hukumar CAMES ce, mai kula da ilimi mai zurfi a wasu ƙasashen Afirka, wadda ofishinta ke Wagadugu, ko da yake a nan Yamai aka haife ta a 1968. Ita ke duba dosiyenka: maƙala nawa ka buga, a wace mujalla, sunanka na nawa ne a jerin marubuta, ɗalibai nawa ka raka har suka kare kundinsu. Gasar zama agireje kuwa sai bayan shekara biyu-biyu ake yin ta, a gaban alƙalai daga ƙasashe daban-daban. Za su tsefe ayyukanka, ka zaro darasi ta ƙuri'a ka gabatar cikin lokacin da aka yanka maka, a kawo maka maras lafiyar da ba ka taɓa gani ba ka duba shi suna kallo. Babu ajin da ake koyar da wannan. A bakin wanda ya riga ka wucewa kawai ake samunsa.

To ga yinin asistan ɗin. Da sassafe yana taron sarwis, wato sashensu na asibiti, ana jin rahoton dare. Daga nan zagayen marasa lafiya, ɗalibai na biye da shi. A watannin Satumba da Oktoba, lokacin da zazzaɓin cizon sauro ke kan ganiyarsa, a ɓangarenmu na yara sai ka tarar da biyu ko uku a gado ɗaya, ga uwa na neman jini, ga wata ta riƙe ordinansi ba ta da kuɗin saye. Kafin ya ɗaga kai azahar ta wuce. Ya faɗa cunkoson Gadar Kennedy don ya cim ma darasi a Harobanda, inda jami'a take, da yamma ya leƙa kilinik saboda gida na jiran cefane, wataƙila kuma ranar kwanan aikinsa ce. A cikin wannan ne muke ce masa ya rubuta maƙala. Kuma mu manya, in za mu faɗi gaskiya, aikin da ya fi cin lokaci shi muke sauke masa: gyaran takardun jarrabawa, tsaron ɗalibai, karanta kundin da a ƙarshe sunanmu ne zai hau bangonsa.

Ni na taki sa'a. Malamina, Allah ya jiƙansa, ya ware mini ranar Alhamis bayan la'asar. Ranar farko bai yi mini wani dogon jawabi ba. Ya sa majo, shugaban ma'aikatan jinya, ya ɗauko tsofaffin rajistocin sarwis, bangonsu duk ya yage, ya ajiye a gabana ya ce: “Ɗiyata, kina jiran kuɗin Turawa kafin ki yi bincike? Ga bincikenki nan. Ki ƙirgo mini yaran sikila, da watan da suka fi zuwa, da abin da ya kawo su.” Da na kawo rubutun, da jan biro ya bi shi layi-layi, ya nuna mini inda alƙaluma suka tsaya da inda son raina ya fara. Ya koya mini yadda ake neman amincewar kwamitin ɗa'ar bincike, da yadda ake amsa wa mai tace maƙala cikin ladabi ko da ya ɓata maka rai. Ranar da za a tura ta, da hannunsa ya sa sunana a farko, nasa a ƙarshe. Da gasa ta matso, yakan zauna a kujerar baya ta aji da agogo a hannu, in lokaci ya cika ya buga tebur ko ina tsakiyar jimla.

Abin da ke damuna shi ne duk wannan sa'a ce kawai. Ba wata takarda da ta ɗora masa, ba wanda ya biya shi, ba kuma wanda zai tambaye shi da bai yi ba. Akwai wani tsarana, likitan fiɗa mai hannu, wanda ya fi ni hazaƙa nesa ba kusa ba. Shi ya faɗa hannun wani babba da ke karɓar aikinsa ya sa sunansa a gaba, shi kuma a jefa shi na huɗu ko na biyar, inda ba ya ƙara masa wani abin kirki a dosiye. Bai iya buɗe baki ba, don wannan babban ne zai sa hannu a takardunsa. Ya yi haƙuri har ya gaji, ya ajiye koyarwa ya kama aiki da wata ƙungiyar agaji. Ɗaliban da ya kamata su koyi riƙe wuƙa a hannunsa sun yi asara, kuma babu wanda ya rubuta wannan asarar a ko'ina.

Mata kuma nasu ya ninka. Shekarun da ake son ki tara maƙaloli su ne shekarun goyo. Taron ƙwararru a Dakar ko Abijan sai an yi shawara a gida. Sannan ga bakin mutane: malami namiji ya zauna da ƙaramar malama a ofis bayan an tashi aiki, gobe zance ya zagaye asibiti. Saboda haka wasu manyan na kirki ma suna ja da baya, maza su samu jagora, mu a bar mu. Maganin bai da wuya. A yi zaman da rana, mutum uku ko huɗu tare, ƙofa a buɗe.

Sai batun Maraɗi da Damagaram. Na yi murna da buɗe tsangayoyin lafiya a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo da Jami'ar André Salifou, don ba daidai ba ne a ce kowane ɗan ƙasa sai ya zo Jami'ar Abdou Moumouni kafin ya zama likita. Amma sabuwar tsangaya matasa ne ke riƙe da ita, kuma matashin da ke Damagaram kusan kilomita 900 ne tsakaninsa da mafi yawan manyan fanninsa. Idan aka gayyace mu koyarwa can, mukan dunƙule darussa cikin ƴan kwanaki mu juyo. Ina roƙon a ƙara yini ɗaya a kowace tafiya, na ƙananan malamai zalla, a buɗe dosiyensu a duba. Sauran a ci gaba da shi ta WhatsApp, tunda ba ya cin kuɗin mota.

Ga shugabannin tsangayoyi da ma'aikatar ilimi mai zurfi, buƙatata ita ce a fitar da wannan aiki daga hannun sa'a. Ranar da aka ba asistan takardar kama aiki, a rubuta masa sunan babban da zai raka shi, kuma a lissafa awoyin cikin aikin babban kamar yadda ake lissafa darasi. A ba shi na biyu daga wani sarwis daban, wanda zai iya kai wa kuka ba tare da tsoron sa hannu ba. Wannan shi ne da ya ceci abokina. A rubuta ƙa'idar jerin sunaye a maƙala kowa ya sani: wanda ya yi aikin shi ne a gaba. Mujallu da yawa kuma suna karɓar kuɗin bugawa da ya fi ƙarfin aljihun asistan, don haka a ware asusu ko ƙarami ne. Ina fata ƙungiyarmu ta malaman jami'a, SNECS, za ta sa wannan cikin abubuwan da take kai wa teburin tattaunawa, kusa da albashi da alawus.

Akwai kuma farfesoshin da suka yi ritaya suna zaune a gidajensu a nan Yamai, wasunsu sun sha zama alƙalai a gasar CAMES. Waɗanda na tuntuɓa sun ce a shirye suke su zo. Ofis ɗaya da kuɗin mai ya ishe su, kuma ana iya fara wannan tun shekarar karatu mai zuwa.

Na gode da wannan fili.

Wata malamar likitancin yara,
Yamai