Habibu, kar ka bari yaron nan ya ajiye maganinsa

Tudun Wada, Kaduna

Mutumina Habibu,

Salamu alaikum. Ya Fatakwal, ya iyali? Mu nan hazo ya rufe mu, da safe ko gadar Kawo ba ka hangowa sosai, gidan kowa tari da majina har Hajiya. Na ga saƙonka tun Talata, na ƙi amsawa a gurguje ne saboda maganar ta fi ƙarfin layi biyu.

Ka ce ɗan yayarka an auna shi an ce ba a ganin ƙwayar kanjamau a jininsa, shi ne yake cewa ya warke zai ajiye magani. Don Allah kar ka bari. Bari in maka bayani yadda na fahimce shi a karatunmu, in ya so kai ka san yadda za ka faɗa masa.

Ka ɗauki ƙwayar halitta ɗaya ta jikin mutum kamar gida. Akwai tsakar gida inda ake ta aikace-aikace, sai turakar maigida can ciki, ita ce cibiya, nukiliyas, nan DNA yake a ajiye kamar takardun gado, kuma shiga ko fita sai ta wasu ƴan ƙofofi masu gadi. To yawancin bairos, wato ƙananan ƙwayoyin cuta irin su kanjamau, masu ɗauke da nasu takardun gadon a RNA (ɗan'uwan DNA ne), ba sa ma shiga turakar, a tsakar gida suke baje kolinsu su hayayyafa, zazzaɓin Lassa haka, korona haka, shan inna haka. Amma fa ba wai sun ƙyale turakar ba ne, ƙofar suke wa aika-aika. Ta shan inna tana da wani sinadari mai yanka furotin ɗin ƙofar kamar almakashi, ita kuma Ebola tana da furotin VP24 da ke tare ɗan aiken da zai shiga ya sanar da maigida cewa ɓarawo ya shigo, sai gida ya yi shiru ana ta ɓarna.

Mura, irin wadda ake kira influenza, ita ce mai ƙarfin hali. Wannan da ta kashe kaji a wata gona wajen Jaji a Fabrairun 2006, H5N1, karon farko da aka tabbatar da ita a Afirka, ka tuna lokacin da mutane suka ƙaurace wa kaza har mu muka samu ta banza? Danginsu duk har cikin turaka suke shiga da gutsattsarin RNA ɗinsu, ita wannan guda 8 gare ta. Kuma abin dariya, duk saƙon da zai fita daga turaka sai da wata alama a kansa, turawan ma hula suke ce mata, in babu ita ba a karanta shi, ita kuma mura ba ta iya ɗinka tata, sai ta laɓe ta fizge hular saƙon maigida ta ɗora wa nata, sak masu ƙwacen waya. Amma duk rashin kunyarta ba ta taɓa takardun gadon, garkuwar jiki na korar ta shikenan an rabu.

Kanjamau fa daban ce, nan nake so ka natsu. Da RNA take zuwa, sai ta juya shi ya koma DNA, abin da kafin 1970 masana da yawa ba su yarda yana yiwuwa ba sai da Howard Temin da David Baltimore suka gano sinadarin da ke yin hakan, har suka ci kyautar Nobel a 1975. Daga nan ta ratsa ƙofa, ta tsaga DNA ɗin mutum ta liƙa nata a ciki. Wato ta rubuta sunanta cikin magada kenan. Wasu ƙwayoyin garkuwar da ta yi wa haka sai su kwanta barci shekara da shekaru da ita a cikinsu, awon jinin da aka masa ba ya ƙirga su, magani ba ya goge su.

Ƙwayar maganin da ake ba su yanzu, mai haɗe da dolutegravir, aikinta hana sabon liƙi ne da hana juyin nan, shi ya sa jini ke yin fes. Wanda aka riga aka liƙa yana nan daram. Ya ajiye magani, yawanci cikin ƴan makonni za ta dawo jini, kuma sha yau bari gobe shi ke koya mata jure maganin.

Ni dai a ganina kar ka masa faɗa, yaro ne, gajiya ya yi, kuma sakamakon nan abin murna ne sosai. Ka raka shi asibiti da kanka likitansa ya maimaita masa, kuma maganar ta tsaya tsakaninku, ka san bakin mutanenmu.

Yaushe za ka shigo? In ta jirgin ƙasa ne daga Abuja ka kira ni in ɗauke ka a Rigasa. Kuma busasshen kifin nan da ka yi alkawari tun bara Hajiya ba ta manta ba, jiya ma sai da ta yi mita.

Ka gaida Maman Ilham da yara.

Naka,
Nasiru