Gotar Nima da fadamun bakin teku duk zance ɗaya ne

Assalamu alaikum Malam Edita,

Don Allah ka ba ni ɗan fili a jaridar nan taka mai albarka in yi magana da 'yan uwana mutanen zango, na Nima da Mamobi da Sabon Zango da Madina har na Ashaiman, akan wani abu da na lura kusan dukkanmu mun ɗauka ba namu bane, wato tafkunan bakin teku da itatuwan nan masu tsiro cikin ruwan gishiri da ake ce ma mangurof. In ka ɗauko zancen a majalisa sai kaji ance ai wannan harkar mutanen Ga ce da na Ada da Keta, sune masu kwale-kwale, mu 'yan kasuwa ne ina ruwanmu. Wallahi da ruwanmu, kuma hannunmu dumu-dumu a ciki.

Babbar gotar nan tamu ta Nima ina take zuwa? Kogin Odaw take faɗawa, Odaw ya bi ta Circle ya wuce Agbogbloshie ya zuba a tafkin Korle, Korle kuma ya buɗe baki cikin teku. To duk robar piya wata da bolar da ake jira hadari ya haɗo cikin dare a juye a gota, can take tafiya ta zauna. Korle ɗin nan a da ana kamun kifi da kaguwa a cikinsa, yau ruwan baƙi ƙirin ne, tun daga nesa wari ke gaya maka ka iso. Kuma duk wanda yake Accra ranar 3 ga watan Yuni 2015 ba zai manta ba, ruwa ya rasa hanya ya cika Circle, wuta ta tashi a gidan mai, mutum fiye da 150 suka rasu a dare ɗaya, Allah ya ji ƙansu. Ruwan sama daga Allah yake, amma toshe masa hanya da cike masa wurin kwana da ƙasa, wannan aikin ɗan adam ne.

Abun da nake so a gane shine wurin da kogi ke haɗuwa da teku ba kangon banza bane da ke jiran mai kuɗi ya zo ya zuba tifar ƙasa. Ruwan daɗi da na gishiri suna cakuɗuwa a wurin, kogi na kawo laka mai abinci, ruwan ba zurfi kuma ba igiya mai ƙarfi, shi yasa kifaye da yawa da jatan lande suke yin ƙuruciyarsu a nan kafin su fita babban teku. Wanda bai taɓa gani ba ya je Tsokomey bayan Bortianor, a bakin kogin Densu, lokacin da ruwa ya janye. Zaka ga saiwoyin mangurof sun fito daga jikin itacen sun lanƙwasa sun kafe cikin taɓo, wasu kuma ƙanana sun huda laka sun leƙo sama don itacen ya samu iska, ƙananan kaguwa na shiga rami suna fita, 'ya'yan kifi da basu kai ɗan yatsa ba sun cika tsakanin saiwoyin inda babban kifi ba zai iya kutsawa ya cinye su ba. Ɗakin mai jego ne na kifi, in ka rushe shi kar ka tambayi dalilin da yasa kifi yayi tsada a kasuwar Nima. Saiwoyin nan dai su ke riƙe ƙasa kar teku ya kwashe, su ke rage ƙarfin igiyar ruwa, su ke tace dattin da kogi ya ɗauko, kuma lakar da ke ƙarƙashinsu tana binne iskar kabon mai ɗumama duniya fiye da yadda dajin tudu yake yi a fili daidai da shi.

Matan Tsokomey da Tetegu da Bortianor masu tsintar kawa, wato naman ruwan nan mai ɓawo da ake ce ma oista, a bakin kogin Densu sun burge ni ƙwarai. Da suka ga kawar na ƙanƙancewa tana ƙarewa sai suka haɗa ƙungiya, suka yarda a tsakaninsu duk shekara a rufe tsinta wata biyar daga Nuwamba zuwa Afrilu, kuma su da kansu suke shiga taɓo suna dasa mangurof. Mata ne talakawa da abincinsu ke cikin ruwan nan amma suka iya haƙurin wata biyar, mu kuma haƙurin ajiye bola zuwa safiya ya gagare mu.

Can wajen kogin Volta maganar tafi nauyi. A Anyanui akwai kasuwa guda ta itacen mangurof, dami-dami a jibge a bakin ruwa, kwale-kwale na saukewa motoci na lodi, saboda masu ƙyafe kifi suna son shi, yana da ƙarfin wuta kuma yana ba kifi kala mai kyau. Yayata na sayar da busasshen kifi, nasan yadda masu saye ke juya shi suna neman mai ja-ja ɗin nan, to kunga mu ma muna cikin masu saran ko bamu riƙe adda ba. Ni bana zagin masu saran. Tun da aka gama dam ɗin Akosombo a 1965 ambaliyar da ke zuwa duk shekara ta daina sauka yadda ta saba, noma da kamun kifin ƙasan kogin suka ja baya, mutane suka koma ga abun da ya rage musu. Yashin da kogin ke kaiwa gaɓa shima ya ragu, teku yayi ta cin ƙasa ta wajen Keta, ƙauyen Fuveme kusan gaba ɗaya ya tafi cikin ruwa. Abun da ya kamata shine wanda ya sara ya dasa, kuma a taimaka ma mata da murhun ƙyafe kifi mai cin itace kaɗan irin wanda ake kira Ahotor, don faɗa da baki kaɗai ba zai sa mai yunwa ya ajiye adda ba.

Amma wanda yafi ci mini rai shine sayen fili. Akwai yarjejeniyar duniya ta kare fadamu da aka sa ma hannu a garin Ramsar na Iran a 1971, Ghana na ciki, kuma muna da wurare shida a ƙarƙashinta, Owabi kusa da Kumasi tun 1988, sai Keta da Songor da Sakumo da bakin Densu da Muni-Pomadze ta wajen Winneba a 1992. Sakumo ɗin nan tsakanin Accra da Tema tsuntsaye ke tasowa tun daga Turai suna sauka su ci abinci, yanzu ka leƙa ka ga yadda bulo da siminti suka ci shi ta kowane gefe. Wani ƙanena da ke ci-rani a waje ya tara guminsa na shekaru ya turo, aka nuna ma 'yan gida filoti da rani ƙasa ta bushe ƙayau, farashi da sauƙi, takarda da tambari, ashe cikin fadama ne. Damina na zuwa ruwa ya kai gwiwa a cikin ginin da ko rufi ba'a yi ba, mai sayarwa kuma wayarsa a kashe. Ga shi hukuma ta fara shiga Sakumo da katafila tana rushe gidaje. Haka mutanen Tetegu ke kwashe kaya a ka duk sanda aka buɗe ƙofofin dam ɗin Weija, don ruwan Densu bai san wata hanya ba sai tasa ta asali. Na san matsin haya a Accra, na san yadda mai gida ke neman kuɗin shekara biyu a dunƙule, shi ke tura mutane, amma araha bata ado.

Ina roƙon malamanmu su saka zancen nan cikin huɗubar Juma'a, ai Allah ya faɗa cikin Suratur Rum cewa ɓarna ta bayyana a tudu da teku saboda abun da hannayen mutane suka aikata. Sarakunan zango da asambuliman ɗinmu kuma su tsaya akan maganar zuba bola a gota ba sani ba sabo, samarinmu da ke fitowa aikin gayya gab da sallah su riƙa fitowa kafin damina ma. Duk wanda za'a sayar ma fili kusa da tafki ko bakin kogi ya fara zuwa hukumar filaye, wato Lands Commission, ya bincika, ya tambayi ma'aikatan gandun daji masu kula da wuraren Ramsar, kuma ya je ya ga wurin da idonsa a watan Yuni ba a watan Janairu ba.

Kai kuma Malam Edita, in da hali ka tura wakilinka Tsokomey a watan Afrilu ranar da matan nan ke buɗe tsintar kawa, ya ji daga bakinsu ya rubuto mana da Hausa don iyayenmu mata su ma a karanta musu.

Wassalam,
Mai karatunku daga Nima, Accra