Ga masu buɗe ƙananan gidajen rediyo: ku tsaya kafin ku ɗora manhaja

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Dan Allah a bani ɗan fili in yi magana da ƙannenmu masu shiga harkar rediyo, musamman ƙananan tashoshin FM da na makarantu da masu buɗe tasu a intanet, saboda kusan kullum sai wani ya kirani ko ya turo saƙo wai wace manhaja ce tafi kyau wadda zata riƙa sako shirye-shirye da kanta ko babu kowa a sutudiyo. Ni tun zamanin kaset na fara, lokacin da zaka zura biro ka juya zare ka tsaida shi daidai bakin jingil, wato ɗan gajeren kiɗan sanar da tasha ko shiri, toh naga jiya naga yau, kuma a ganina ba daga nan ya kamata tambayar ta fara ba.

Amma bari in sallami masu tambaya tukuna. ZaraRadio ta 'yan Sifen ce, tsohuwa ce kuma kyauta, ko tsohuwar kwamfuta ce zata tashi a kai, yaro ma zai iya ta a yini ɗaya. RadioDJ ita ma kyauta ce, wani ɗan Romaniya ne ya rubuta ta, ta fi ƙarfi nesa ba kusa ba amma sai ka fara girka mata rumbun bayanai na MariaDB ko MySQL, kuma a nan ne da yawa suke sarewa. RadioBOSS da mAirList na kuɗi ne, Rivendell kuwa sai wanda ya saba da Linux, wani tsarin tafiyar da kwamfuta da ba Windows ba. Mai son tura sauti intanet ya haɗa da manhajojin BUTT da Icecast. Abinda kawai zan roƙa, ku rabu da fasassun manhajojin nan da ake yawo da su a filas, tunda ga na kyauta na halak me zai kai mutum ɗauko cuta ya zuba a kwamfutar da tasha gaba ɗaya ta dogara da ita.

Inda aikin yake shine kayan da zaka bata. Ka shiga kwamfutar wasu tashoshin ka buɗe folda, wallahi kamar kasuwa ta watse, fayil ɗari uku duk sunansu ya fara da AUD ya ƙare da WA da lambobi saboda daga WhatsApp aka sauke su, ba wanda ya san wanne ne wa'azi wanne ne tallan maganin basir. Manhaja ba ta da kunne, abinda ka rubuta mata shi take bi. Ka zauna ko sati biyu ne ka ware jingil daban, talla daban, karatun Alƙur'ani daban, waƙoƙi daban, sanarwa daban, kowanne da sunan da mutum zai gane. A sunan fayil kuma ni bana sa ƙ da ɗ da ɓ, tsofaffin manhajojin suna maida su alamar tambaya, wani lokacin ma su tsallake fayil ɗin. Sannan ƙarfin murya, wani shirin an ɗauke shi da waya can ƙasa-ƙasa, mai sauraro ya ƙure rediyonsa sai talla ta shigo kamar aradu, MP3Gain ko Audacity suna daidaita wannan kuma duk kyauta ne.

Sai maganar lokacin sallah, wadda waɗanda suka rubuta manhajojin nan basu yi tunaninta ba don ba damuwarsu bace. Wani azumi da ya faɗo a bazara, a wata tasha da na yi aiki, mun saita kiran sallar Magariba a jadawali tun ranar farko muka manta da shi. Rana kuwa tana ta ƙara jinkirin faɗuwa kaɗan-kaɗan, agogon kwamfutar shi kuma yana gudu gaba ba mu lura ba, ranar da abin ya fashe ina zaune gaban miksa, wato na'urar haɗa sauti, da kofin kunu na ajiye a gefe sai naji kiran sallah ya tashi a sifika, na leƙa taga naga rana tana nan jajir bisa rufin maƙwabta. Kusan minti biyar kafin masallacin unguwa ya kira. Wayar tasha kamar zata fashe, wata baiwar Allah tana cewa yaranta sun riga sun kai dabino baki. Kunyar da na ji ranar har yau ban manta ba, washegari muka yi ta ba jama'a haƙuri. Tun daga nan na ce kiran sallah mutum ne zai danna shi da hannunsa bayan ya duba jadawalin garin, kuma in tasharka tana kaiwa nesa ka faɗi garin da kake nufi, tsakanin Maiduguri da Sakkwato kaɗai akwai kusan rabin awa.

Agogon nan ku kula da shi sosai. Akwai ɗan batir mai kama da kwabo a cikin kwamfuta, in ya mutu duk sanda aka ɗauke wuta sai kwanan wata ya koma baya, manhaja ta sako shirin safe da tsakar dare. Ga NEPA kun santa, kafin a tada janareta kwamfuta ta mutu, don haka na'urar riƙe wuta irin UPS ko inbata ba ado bace. Ku hana Windows sake tashi da kanta cikin dare, ku kuma ajiye wata 'yar na'ura ko waya jone da miksa cike da shirye-shirye saboda ranar da tasha zata yi tsit. Kwamfutar watsa shiri ba ta kallon fim ko hawa Facebook bace, a kafa wannan doka tun ranar farko.

Wani amfanin manhajar da ba a cika faɗa ba, tana rubuta duk abinda ya fita da lokacinsa, ranar da mai talla yazo yana rantsuwa ba a sa tallarsa ba ko hukumar NBC mai kula da gidajen rediyo da talabijin ta nemi bayani, sai ka buga masa takarda.

Ga masu gidajen rediyo kuma, naji wasu na cewa tunda kwamfuta na iya kwana tana aiki a rage ma'aikata. Ranka ya daɗe, kwamfuta ba zata san an yi rasuwa a gari ta sauke kiɗa ba, ba zata karanta cigiyar yaron da ya ɓata da la'asar ba. Ku bar mata tsakar dare da jeren tallace-tallace, sauran a bar mutum a kujera, kuma a koyar da aƙalla mutum biyu yadda ake saita ta, don mu ranar da injiniyanmu ya tafi biki ƙauye kwana uku muka yi muna maimaita jadawalin ranar Talata.

Na gode.

Naku,
Wani tsohon ma'aikacin sutudiyo, daga Kano