Amsa ga ɗalibina da ya tambaya ko mu malamai ne ko masu sana'a

Assalamu alaikum. A taron tsofaffin ɗalibai ka miƙe a bainar jama'a ka tambaye ni: mu da ke koyarwa a kwalejojin kimiyya da fasaha, malamai ne na sosai, ko masu sana'a ne da aka ba alli, ko kuwa waɗanda suka rasa gurbi a jami'a? Lokaci ya ƙure a ranar, shi ya sa na ɗauko alƙalami.

Ni ma'aikacin lantarki ne kafin in zama malami, kuma ban ajiye ɗayan don in ɗauki ɗayan ba. Ka tuna ranar da ka haɗa wayoyin injin niƙa a bai-bai, na riƙe hannunka kafin ka kunna, na sa ka bi kowace waya da yatsa har ka gano kuskurenka da kanka? Sanin inda haɗarin yake daga sana'a na samo shi, amma haƙurin yin shiru har ka gano, wannan koyarwa ce ta koya mini, kuma sai da na shekara da shekaru kafin in iya.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne tsarin aikinmu bai san da wannan haɗin ba. An kafa hukumar NBTE a 1977 domin kula da ilimin fasaha, amma har yau ma'aunin jami'a ake auna mu da shi. Mai digiri yana hawa matakan lakcara har ya kai babban lakcara, wanda shi ne ƙololuwa a wurinmu tunda ba mu da kujerar farfesa, alhali mai takardar HND, wato babbar difloma ta ƙasa, wanda sau da yawa shi ke tsaye da ɗalibai a ɗakin gwaji daga safe har la'asar, akan ajiye shi a layin masu horarwa. Wajen ƙarin girma kuwa, maƙalun da ka wallafa ake ƙirgawa, ba a tambayar injin nawa ka tayar. Majalisar Tarayya ta amince da ƙudirin soke bambancin HND da digiri a 2021, amma bai samu sa hannun shugaban ƙasa ba.

Ban musa cewa akwai waɗanda suka zo nan suna jiran ƙofar jami'a ta buɗe ba, kuma ban ga laifinsu ba. Ni dai da ƙafata na zo, kuma idan ka tashi buɗe shagonka, ka kira ni in duba maka wayoyin kafin a jawo wuta.

Naka,
Malaminka na ɗakin gwaji