A riƙa koya wa yara gajerun hanyoyin kibod

Assalamu alaikum Malam Edita,

Don Allah ka ba ni ɗan fili in yi kira ga masu koyar da kwamfuta a nan Garwa da Marwa. Yaro zai gama kos ya karɓi takarda amma komai sai ya ja maus, kwafi maus, liƙawa maus, alhali Ctrl+C da Ctrl+V sun gama zancen, Ctrl+F kuma ya nemo maka kalma cikin shafi hamsin. Ctrl+S na adana aiki kam ba sai na faɗa ba, yadda wuta ke tafiya ba sallama ɗin nan, wanda bai saba danna shi ba wallahi zai yi kuka.

Inda matsalar tamu take shi ne kibod biyu muke amfani da su. Na Faransa, AZERTY, shi ne a ofisoshi da makarantu, laftof ɗin da ake shigowa da su ta Mubi da Yola kuma yawanci QWERTY ne, an musanya wurin A da Q, da na Z da W. To wanda hannunsa ya saba da QWERTY in ya zauna kan AZERTY ya kai yatsa ƙasa zai danna Ctrl+Z ya dawo da abin da ya goge, sai ya danna Ctrl+W, fayil ya nemi rufewa, in ya yi gaggawar cewa a'a kar a adana shi ke nan aiki ya tafi. Har kaurara rubutu ma, a Word na Turanci Ctrl+B ne, na Faransanci Ctrl+G.

Malamai su nuna wa ɗalibi duka biyun tun makon farko mana.

Naka,
Mai karatu daga Garwa, Kamaru