Rahoton ayyukan shekara: inda aka kwana a binciken ƙaro da rufe rauni

Assalamu alaikum, 'yan uwa mambobi.

Kusan duk ƙarfin ƙungiyarmu a bana ya tafi ne kan aiki guda: haɗa siririyar fata mai riƙe danshi, wato haidirojel, wadda za a lulluɓe rauni da ita, ta kuma riƙa sakin magani kaɗan-kaɗan. Tushen aikin ba sabo ba ne. Tun 1962 wani masanin kimiyya, George Winter, ya nuna a Ingila cewa raunin da aka bari da danshinsa ya fi saurin yin sabuwar fata a kan wanda ya bushe ya yi ɓawo. Kowa ya taɓa jinyar mai ƙuna ko mai gyambon ciwon suga ya san azabar ɓamɓare bandejin da ya manne da nama. Wannan azabar muke so a rage.

Mun zaɓi ƙaro domin namu ne. Daga jikin dakwara ake tsinto shi a Jigawa da Yobe da Borno, amma akasarinsa ɗanye yake barin ƙasar, abin da ke ci mana rai ƙwarai. Sai dai ƙaro shi kaɗai ba ya tsayawa: ya bushe ya tsage, ya taɓa ruwa ya narke. Sai da kwamitin bincike ya gauraya shi da aljinet, wanda ake samu daga ciyawar teku, aka ƙara gilisarin don laushi, aka zuba a faranti ya bushe, sannan aka tsoma a ruwan kalsiyam kuloraid. Nan ne fatar ta kama jikinta. Ana ɗaga ta da ɗan hantsaki, garau, har ana hango zanen yatsa ta bayanta, ta lanƙwashe ba ta karye ba.

Yanayi ya ba mu wahala. Da hunturu bakin fatar na nannaɗewa, da damina kuma ta yi danƙo, wani lokaci har fumfuna.

Sakin maganin ne bai gamsar da mu ba tukuna. A gwajin da aka yi cikin ruwa mai ɗumin jikin mutum, digiri 37, yawancin maganin na fita tun da farko, maimakon a hankali. Baɗi za mu gwada ƙara kaitosan, wanda ake fitarwa daga ɓawon jatan lande, ko zai riƙe shi.

Muna roƙonku, don Allah kada wani ya ɗauki samfur ya ɗora wa majinyaci. Ba a tabbatar da tsabtarsa daga ƙwayoyin cuta ba, kuma gwaji a jikin mutum sai da izinin kwamitin kula da ɗa'ar binciken lafiya da na NAFDAC.

An gudanar da laccar shekara, ɗalibai sun halarta sosai. Kuɗin wata-wata kuwa ya ja baya, alhali da shi ake sayen aljinet, mai zuwa daga waje. Ma'aji zai karanto bayanin asusu a babban taro, kuma masu bashi su daure su biya kafin ranar.

Wassalam,
Sakataren ƙungiya