Filin West Ham: wa ya biya kuɗin gyara?

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. A shirinku na wasanni na ji an yi ta yabon filin da West Ham ke buga ƙwallo a Stratford, gabashin Landan, har wani ya ce gwamnoninmu su je su ɗauki darasi. Ina da ja a kan wannan magana.

Kafin gasar Olamfik ta 2012 da aka gina filin dominta, wurin nan kufai ne na masana'antu a bakin kogin Lea. Ƙasar ta sha fetur da kwalta da dalma har ta ƙoshi. Sai da aka tono wajen tan miliyan 2, aka kafa injuna a wurin suna wanke ta, aka mayar da mafi yawanta cikin aikin. An kuma tuge manyan turakun lantarki 52, aka bi da wayoyin ta ƙarƙashin ƙasa. Da kuɗin jama'a aka yi duk wannan, ni kuma ban ga laifi ba, tunda yau mutane na zaune a unguwar, yara na wasa a wurin shaƙatawar.

Inda gizo ke saƙar shi ne zanen filin. An gina shi da kujeru 80,000, da niyyar a rage shi zuwa 25,000 bayan gasa ya zama na masu tsere. Ba a kammala magana da wata ƙungiyar ƙwallo ba kafin a zuba kankare. Da aka dawo daga baya ana neman ɗan haya, gyaran ya lashe fam miliyan 323. West Ham ta ba da miliyan 15 kacal, ta samu hayar shekara 99 da ta fara a kan fam miliyan 2.5 duk shekara, ta tare a 2016. Hatta kuɗin janye kujeru don a yi tsere a kuma mayar da su, masu filin, wato hukuma, aka bar wa. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi ke nan. Abin ya kai Magajin Garin Landan, Sadiq Khan, ya sa aka yi bincike, ya kuma karɓe ragamar filin a 2017.

Ni ɗan Arsenal ne, kada a ce hassada ce. Ina roƙon ku dai ku sake ɗauko batun, ku karanta wa masu sauraro sharuɗɗan hayar nan ɗaya bayan ɗaya.

Naku,
Mai sauraro daga Zariya